Kunkurun Kawu

A garejin mota ma akwai sarauta. Makaniki shi ne sarki, tunda shi ke tada inji. Mai gyaran wuta waziri ne, ana shakkarsa saboda ba kowa ke gane abin da yake yi ba. Sai mai buga bodi da mai fenti, waɗanda aikinsu ido ke fara gani. Mu masu ɗinkin kujera da jera robobi, da ake kira tapisiye a nan Libreville, mu ne 'yan ƙarshen layi. Ba a tunawa da mu sai kuɗin mai mota ya kusa ƙarewa, sannan ya zo yana cewa a ɗan lallaɓa masa. Amma duk wanda ya taɓa shiga motar da aka kwashe wa kayan ciki ya san abin da nake nufi. Gwangwani ne kawai mai tayoyi. Ƙara ta cika maka kunne, zafin inji ya gasa maka ƙafa, kowane baki na ƙarfe kuma yana jiran ya yanke ka.

Shekara 14 ke nan ina wannan sana'a a Oloumi. Ga wanda bai san garin ba, Oloumi unguwar masana'antu da manyan shaguna ce a kudancin Libreville, ta wajen hanyar tashar jiragen ruwa ta Owendo, tana maƙwabtaka da Lalala. A bakin titi za ka ga kamfanonin sayar da sababbin motoci, gilashi tas, sanyi na busowa. Ka ɗan kewaya baya sai ka faɗo duniyarmu: rumfunan kwano, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai, 'yan Benin da 'yan Kamaru da 'yan Mali, 'yan ƙabilar Ibo masu kayan gyara, da mu 'yan Nijar. Yawancin abincinmu daga motocin tasi ne masu ja da fari, waɗanda kujerarsu ba ta hutawa daga asuba har dare.

Kawu, yayan mahaifiyata, shi ya kawo ni. Ya baro Maradi a 1988, ya fara da wankin kayan inji har ya kai ga rumfarsa. Yana nan a watan Janairun 1994 aka kashe darajar sefa da rabi, kayan gyaran da ake shigowa da su suka ninka kuɗi dare ɗaya. Yakan ce tun ranar ya daina yarda cewa kayan mota sai an saya. Abin da ya karye ya yi masa walda, abin da ya ɓace ya ƙera wani. Da aka zo 2013 gwamnati ta hana shigo da motar hannu da ta haura shekara 3, kafin daga baya a sassauta, sai tsofaffin motoci suka ƙara daraja, irin su Kawu kuma suka ƙara samun bakin magana.

A 2017 ya sayi wata tsohuwar Suzuki Samurai da iskar teku ta cinye wa jiki. Kana iya tura yatsa ta ƙasan ƙofar ya fito waje. Amma shasinta lafiya lau, irin mai kama da tsani ne wanda bodi ke zama a kai, injin kuma ɗan lita 1.3 ne da ba ya laifi. Kawu ya ɗage ruɓaɓɓen bodin ya jefar, ya ce zai gina nasa. Da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya yi ƙashin, ya lanƙwasa faranti ya rufe. Ranar Lahadi kaɗai yake taɓa ta, in kuma kuɗi ya yanke sai ta yi wata uku a ƙarƙashin tamfol. Yaran gareji suka sa mata suna Kunkuru, sunan kuma ya bi ta.

Mutane suna yi masa kallon mai taɓin hankali, alhali abin da yake yi tsohuwar sana'a ce a duniya. A Ingila, a 1957 Colin Chapman ya fara sayar da motar Lotus Seven a wargaje cikin akwatuna, mai saye ya haɗa a gida, domin a lokacin motar da aka saya a haka ba ta biyan harajin da sabuwar mota ke biya. Har ana ba da labarin cewa da doka ta hana a haɗa da takardar yadda ake ɗaurawa, sai ya buga ta yadda ake kwancewa, kowa ya karanta daga ƙarshe. A Abidjan ma, a 1963, an fara yin wata da ake kira Baby Brousse, injin Citroën a ƙasa, a sama kuma faranti ne aka lanƙwasa aka ɗaure da noti. Mu ma muna da namu: a 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin Honda Civic. Abin da ya fi tsaya mini a labarin shi ne kujerun, na tsohuwar Toyota ne. Ko mai ƙera jirgi sai ya nemi inda zai zauna.

Bambancin Bature mai sayen akwati da Kawu shi ne, shi Baturen kayansa sun zo a aune. Kawu kuwa ma'auninsa idonsa ne, idon kuma ya fara yana. Wannan ne ya sa maganar Kunkuru ta tashi daga wasa. A farkon 2023 likita ya ce sai an yi aiki a idanun biyu, Kawu kuma ya ce a gida za a yi masa, kusa da 'ya'yansa, kuma in ya tafi ya tafi ke nan. Ana cikin haka mai filin da rumfarmu take ya sayar da shi, aka ba mu zuwa ƙarshen Satumba. Kuɗin jirgi da na aiki da abin da zai riƙe a gida, duk lissafinsu ya koma kan motar nan. Tana tashi, tana tafiya, tana tsayawa. Amma babu gilashi, babu kujerar kirki, babu roba ko ɗaya. A haka mai saye kilo zai auna.

Ya kira ni bayan la'asar ya ce, “Ɗana, na yi mata ƙashi da nama. Kai za ka yi mata sutura.”

Na ce, “To Kawu, amma da sharaɗi. Abin da na ce ba zai yi ba, a bar shi.”

Ya ce ya yarda. Ni da shi duk mun san ba a nan maganar za ta tsaya ba.

Lokacin ya yi mana daidai ta fuska ɗaya. Daga Yuni zuwa Satumba ne ranin Libreville: sama a lumshe, iska da ɗan sanyi, ruwa ya ɗauke. In Oktoba ta shigo kuwa sai dai a yi haƙuri. Ruwan da ke sauka a garin nan a shekara ya haura milimita 2,500, Maradi kuwa wajen 500 ake samu. Duk wata dabara da na yi a motar nan, wannan bambancin ne tushenta.

Da ƙofofi na fara. A motar kamfani in ka yanka murfin ƙofar dama, sai ka juya shi ka sami na hagu. A Kunkuru babu wannan. Na sa tef na tarar ƙofar hagu ta fi ta dama tsawo da milimita 12, kusurwar ƙasanta kuma ta ɗan buɗe. Ban faɗa wa Kawu ba, babu amfanin faɗa. Na dai tara kwalaye daga shagunan firji, kowane gefe na yanka masa kwalinsa, ina gwadawa ina ragewa da almakashi har ya zauna, sannan na kwafe shi a kan katako. Mota guda sai da ta ci kwali 23, kowanne da sunansa a rubuce.

Kamfanoni da wani allo na dusar katako suke yin murfin ƙofa, wanda in ya sha laima sai ya kumbura ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji. Kowane direban tasi a garin nan ya san shi. Na ƙi shi, na ɗauki filawud na okume mai kaurin milimita 4. Okume shi ne itacen da Gabon ta fi shahara da shi, marar nauyi, mai ɗan ja-ja, har jiragen ruwa ake yi da shi. Tun da aka hana fitar da gungume ɗanye a 2010 aka buɗe masana'antu a Nkok, samunsa bai yi wuya ba. Sai dai shi ma ba ya son ruwa in an bar shi tsirara, kuma ta baki yake sha, ba ta fuska ba. Saboda haka gefunan na fi ba banish, shafi uku, har cikin kowane rami da na huda. Bayan murfin na manna leda a jikin ƙarfen, bakinta na ƙasa yana zubawa cikin ƙofar, sannan na huda ramuka uku a gindin kowace ƙofa. Kawu ya ga ina huda masa ƙofa ya ɓata rai. Na ce, “Kawu, ruwa zai shiga ko mun so ko mun ƙi. Hanyar fita nake yi masa.” Haka na yi wa daɓen motar, na kuma hana a sa kafet. Tabarmar roba na yanka, wadda za a ɗaga a girgije.

Gam ma yana da halinsa a nan. Irin wanda muke aiki da shi ana shafa wa ɓangarorin biyu ne, a jira ya sha iska har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa, kuma in an haɗa an haɗa ke nan. To yayin da yake bushewa fuskarsa sanyi take yi, in iska na ɗauke da laima sai raɓa ta kwanta a kai, ka ga ya yi fari-fari. Ka manna a haka, yau zai kama, bayan wata biyu rana ta buga ya saki. Don haka ban taɓa buɗe gwangwanin gam kafin ƙarfe 11 na safe ba. Yaran gareji suna cewa tapisiye ya fi ma'aikacin gwamnati jin daɗi.

Rigimar da na san tana tafe ta iso a ƙarshen Yuni, cikin jakar wani ɗan kasuwa da ya dawo daga gida. Fatu shida ne na jar akuyar Maradi, jima ta gargajiya da bagaruwa, an rina su da karan dafi. Da Kawu ya kwance ƙunshin, warin majema ya cika rumfar, sai da kowa ya yi shiru. Ni kaina sai da na ji wani abu ya tsaya mini a wuya. Wannan fatar ce ta ƙasarmu da Sakkwato da Kano da ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Maroko suka sa mata sunan Maroko, suna rufe manyan littattafai da ita. Kawu ya ce da ita za a rufe kujeru.

Na ce ba zai yi ba. Fatar akuya ƙarama ce, ba ta da faɗin da za ta rufe mazauni sai an yi ta haɗi, kowane haɗi kuma ƙofar ruwa ce. Siririya ce, an yi ta don jaka da takalmi da tufafin sirdi. Uwa uba, jimar bagaruwa tana shan ruwa, kuma a garin nan ko takalmin Sallah ka ajiye sati biyu a ƙarƙashin gado sai ka tarar fumfuna ta yi masa kore. Balle motar da rufinta tamfol ne. Ga karan dafi, in gumi ya taɓa shi sai ya bi farar riga.

Kawu ya ce, “Shekara 35 ina zaune a kan ledar mutane. Mota ɗaya da na yi da hannuna, ita ma leda?”

Ban sami amsa ba a ranar. A aikin hannu akwai gardamar da ake ci da hujja, akwai kuma wadda in ka ci ta ka yi asara. Kwana uku ba mu tada maganar ba. A na huɗu na zo masa da shawara: kujeru za su sha leda mai kauri irin ta jiragen ruwa, da soson da ba ya riƙe ruwa, da zaren roba maimakon na auduga da ke ruɓewa. Fata kuma za ta tafi duk inda hannu ke sauka: sitiyari, kan giya, madaurin jan ƙofa, da maƙalin da fasinja ke riƙewa a gaba. Hujjata ita ce wurin da hannu ke shafa kullum fumfuna ba ta samun zama, kuma in ya lalace ƙaramin abu ne a sake. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Sitiyarin ni zan ɗinka.”

Ashe yana yaro ya zauna wajen dukawa kafin ya san spana. Na yanka masa fatar, na rage faɗinta kaɗan don ta ɗame, na huda ramukan da basilla a jere, muka ɗan jiƙa ta. Ya zauna a kan benci da allura biyu, yana lalubar ramukan da yatsa domin idon ba ya ganinsu. Yini biyu ya yi. Da ta bushe ta kama sitiyarin kamar da ita aka haife shi. Ɗinkin bai miƙe sosai ba ta wajen ƙasa, kuma ban taɓa shi ba.

Aikin waje ya fi sauri, amma a nan ne tsatsa ke kwana. Kawu yana son a bi gefen motar da sandar alminiyam don kyau. To in aka haɗa ƙarfe iri biyu, ruwa mai gishiri ya shiga tsakani, sai su zama kamar ƙaramin batir, ɗaya na cin ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi, ka ga farin gari na fita kewaye da noti. Ko notin inos, wanda shi ba ya tsatsa, bai hana wannan ba. Sai an raba su. Kowane rami na huda, na shafa masa fenti, na jira ya bushe, na sa wasar roba sama da ƙasa. Tsakanin madigadi da bodi kuma na sa igiyar leda mai dunƙulallen baki, wadda ke hana su gogar juna, ta kuma ɓoye inda layin ya karkace. Rabin aikinmu ke nan in za a faɗi gaskiya: rufa wa mai walda asiri.

Akwai wani abu da na aro daga Ingila. Can kafin a ba motar da aka haɗa a gida lamba, mai duba ta yakan bi jikinta da wata ƙwallo mai faɗin milimita 100, duk bakin ƙarfen da ƙwallon ta taɓa dole ya zama an dasashe shi, ba mai kaifi ba. A ciki kuma da wadda ta fi girma, mai milimita 165, kimanin kan mutum. Hikimar a fili take: inda ƙwallo ta kai, gwiwar mai tafiya a ƙasa ko goshin fasinja zai kai. Ba wanda ya tambaye mu wannan a Oloumi. Amma na sa wani kafinta ya fafe mini ƙwallon katako, na bi Kunkuru da ita ina sa alli. Wuri 31 na samu. Wasu magagari ya ishe su, wasu na sa musu robar baki, maƙalan bamba kuma sai da aka sake su. Kawu yana dariya yana cewa na mayar da motarsa filin wasa, amma da na zo kan bakin faranti da ke daidai gwiwar direba, shi da kansa ya miƙo mini magagarin.

Muna cikin wannan duniya ta juya. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyakoki, hanyar Kwatano zuwa gida ta toshe. Ranar 26 ga Agusta aka yi zaɓe a nan Gabon, aka yanke intanet, aka sa dokar hana fita da dare, ranar 30 kuma sojoji suka kawar da Ali Bongo. Baƙo a irin wannan lokaci bakinsa yake kamawa. Muna rufe rumfa da wuri, kowa ya nufi ɗakinsa. Kawu ya rame a 'yan kwanakin nan, ƙasar da zai bari da wadda zai koma duk ba a san inda suka dosa ba, wa'adin mai fili kuma bai motsa ba. Da gari ya lafa muka sa gilashin gaba. Shafaffe ne, mai leda a tsakiya, aka yanka mana daidai kwali. Na sa masa roba, na cusa igiya a cikin kwarin robar, muka shafa ruwan sabulu. Yara biyu suna dannawa daga waje, ni ina jan igiyar a hankali daga ciki, leɓen robar yana hawa kan ƙarfe kaɗan-kaɗan. A kusurwar ƙarshe kowa ya riƙe numfashi, domin a nan gilashi ke fashewa, kuma ba mu da kuɗin wani. Ya zauna.

Ranar Lahadi ta biyu a Satumba muka fito da ita. Titunan Oloumi ba kowa ranar Lahadi, manyan shaguna a rufe. Ni na tuƙa, domin Kawu ya daina tuƙi tun bara. Ya zauna a dama, ya kama maƙalin fatar nan, ya karkata kai yana saurare. Makaniki da kunne yake duba mota. Muka bi kan wani wuri mai gargada, ya ce in koma in sake bi. Na sake. Ya ce, “Ƙofar hagu tana magana.” Ni ban ji komai ba, amma da muka dawo na ƙara mata roba a wajen makulli.

Maganar takarda ce ta rage mata kuɗi. Katin motar yana cewa Suzuki, lambar shasi ma haka, amma duk wanda ya kalle ta ya san ba Suzukin da ya sani ba ce, kuma masu saye biyu sun janye saboda ba sa son doguwar magana a hanya. Na ukun wani mai gona ne ta wajen Ntoum, wanda ke son abin zagaya gonarsa da ɗaukar ayaba zuwa bakin titi. Ya buɗe ƙofa ya rufe sau uku, ya shafa sitiyarin, ya tambayi ko fatar mece ce. Ya biya jaka 1,900, wato sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. Bai kai abin da Kawu ya sa rai ba, amma ya ninka abin da masu kilo suka taya sau da yawa. A kan babbar mota aka ɗauke ta, kwana tara kafin wa'adi.

Kawu ya tafi a Nuwamba, an yi aikin idon dama a Janairu, na hagu bayan azumi. Ni kuma na koma wata rumfa ta wajen Lalala, da keken ɗinkina da fatu biyu da suka rage, waɗanda nake fitarwa in shanya duk ranar da rana ta fito. A watan Afrilu mai gonar ya kira ni, ya ce kujeru lafiya, sitiyari lafiya, amma madaurin ƙofar fasinja ya yi kore domin ba mai shiga ta nan. Na ce ya goge da ruwan binigar, ya bar shi ya bushe a inuwa, kuma ya riƙa sa yaransa suna shiga ta wannan ƙofar. Da na ba Kawu labari a waya bai ce komai a kan fatar ba. Tambaya ya yi ko ƙofar hagu ta sake magana, na ce zan tambayi mutumin in mun yi waya.